Kafin Katafila Ta Shiga: Binciken Kufai a Hanyar Bututun Ruwa

Da aka ba mu, mu masu binciken kayan tarihi, taswirar wani bututun ruwa da zai ratsa gonaki a ƙasar Zazzau, tambayar injiniyoyi ɗaya ce: ina ne za a iya cin karo da kayan tarihi? A yankin da tsoffin garuruwan Kufena da Turunku suke, wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Mun fara da hotunan tauraron ɗan'adam, inda tsohuwar ganuwa kan fito kamar zobe ko da ta zube. Sai muka taka layin da ƙafa bayan girbi, mutum biyar a jere, tazarar mita 5 tsakani. Da damina ɓata lokaci ne, ciyawa ta rufe komai. Abin da ido ke nema shi ne tsingaro, kashin maƙera (dattin da ke saura in an narkar da tama), dutsen niƙa, ƙasa mai toka, tsoffin ramukan marina, da kukoki da suka yi cincirindo a inda babu gari. Kuka ba ta cika taruwa haka kawai ba. Galibi mutane sun zauna a wurin.

Amma taswira ba ta kai dattawa sani ba. Kada a tambayi manomi ko akwai kayan tarihi, zai ce babu. A ce masa, "Baba, ina garma take tono fasassun tukwane? Ina ne ba a nomawa?" Nan take zai nuna kufai ko tsohuwar maƙabarta.

Inda alamu suka yi yawa mun haƙa ramin gwaji, mita 1 tsawo mita 1 faɗi, muna sauka santimita 10 a kowane zubi, muna tankaɗe ƙasar. Wannan sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kamar yadda dokar 1979 ta tanada. Gawayin da aka samu a naɗe shi a takardar alminiyom, domin da shi ake auna shekaru.

Kuskurenmu shi ne mun zuba ido kan ramin bututun kaɗai, wanda faɗinsa bai kai mita 1 ba. Ashe ɓarnar tana wajen share hanya. Katafila ta kankare saman ƙasa a faɗin mita 15, kuma a nan saman yawancin kayan suke. A wani wurin ɗibar jar ƙasa da ba ya cikin taswirarmu, mun tarar da bakin murhun narkar da tama an yanke shi biyu, baƙin kashin maƙera warwatse a sawun taya. Abin ya yi mana ciwo.

Yanzu muna bincika har hanyar motoci da wurin ajiye bututu, kuma mai lura yana tsaye kusa da katafila da ikon tsayar da ita. Karkatar da layi mita 50 yana da arha matuƙar yana kan takarda, shi ya sa muke miƙa rahoto kafin a kafa turaku.