Inda na kai da ɗaukar hoto: Gidan Kanta da lambunan Argungu a bazara

'Yan uwa masu koyon ɗaukar hoto da waya, ga inda na tsaya a wannan watan. Aikin da na ɗora wa kaina shi ne haɗa tsohon gini da shuke-shuke a fita ɗaya, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kebbi. Na zaɓi Argungu saboda komai na kusa: Gidan Tarihi na Kanta a cikin gari, lambuna kuma a fadama.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, gidan tsohuwar fada ce. An gina ta a 1831, sarakunan Kabi suka zauna a ciki har 1942, daga baya aka mayar da ita gidan tarihi a 1958 da sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Akwai kaburburan sarakuna a wurin, saboda haka ba gidan da za ka faɗa kana ta danne-danne ba ne. Ka yi sallama, ka gaida masu kula da gidan, ka tambayi inda aka yarda a ɗauka. Inda suka ce a'a, ka mayar da waya aljihu.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a wannan karon shi ne lokaci. A bazara hazon hunturu ya tafi, haske ya yi kaifi. Da rana ta kai tsaka, bango sai ya fito fari fat a hoto, ƙofa kuma baƙi ƙirin, babu komai a tsakani. Amma da safe, kafin ƙarfe takwas, haske na zuwa ne ta gefe, kowace 'yar tsaga da tudun yaɓe na samun inuwarta, sai ginin ya nuna shekarunsa. La'asar sakaliya ma haka take, sai dai hasken ya fi ja. A ganina safiya ta fi, domin ƙurar kasuwa da ta babura ba ta tashi ba tukuna.

Sai maganar tsayuwa. Idan ka matsa kusa da bango ka ɗaga waya sama, ginin zai fito kamar mai shirin faɗuwa ta baya, ƙasansa faffaɗa, samansa tsuke. Maganin shi ne ka ja da baya sosai, ka riƙe waya a miƙe daidai ƙirji, ka kusanto da hoton ninki 2. Ka kunna layukan da ke raba allo gida 9, ka daidaita kusurwar bango da ɗaya daga cikin na tsaye. Wannan kaɗai ya gyara mini hotuna fiye da duk wata manhajar gyara.

Cikin ɗakunan da aka ajiye masu, takubba, kwari da baka da ganguna, matsalar ta juya: haske kaɗan ne. Ban kunna filashi ba, yana kashe kamannin ƙarfe da fata. Na jingina gwiwar hannu a jiki, na danna allo na riƙe har haske ya kulle a kan abin da nake so, na tsayar da numfashi sannan na ɗauka. Hoton da ya fi min daɗi daga cikin zaure na ɗauke shi ina fuskantar waje; na rage haske har bakin ƙofa ya zama baƙi, ya zagaye wani yaro da ke wucewa da tulu a cikin rana.

Daga nan na gangara fadama, wajen Matan Fada inda ake bikin kamun kifi. Ba lambun furanni ba ne, noman rani ne: albasa, tattasai, shinkafa, injin ban ruwa na ta ƙara. Na ce wa wani dattijo, "Baba, sannu da aiki, ko zan iya ɗaukar fangalin nan?" Ya ce, "Ɗauki mana, yaro, kada dai ka taka mini kunya." Wato bakin fangali, inda ruwa ke bi.

Kore yana da wuya a waya. Tana ƙara masa launi har shinkafa ta fita daga kamanninta, don haka nakan rage ƙarfin launi kaɗan wajen gyara. Na durƙusa na sa rana a bayan ganyen albasa, haske ya ratsa shi, ɗigon ruwan da ke jikinsa ya fito ɗaya bayan ɗaya. Furen dogon yaro kuwa ƙanana ne farare, iska kaɗan ta isa ta ɓata hoton, sai ka jira ta lafa. Ku riƙa goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, kuma kada ku bar waya a rana; idan ta yi zafi takan rage hasken allo, wani lokaci ma ta ƙi buɗe kyamarar.

Wata mai zuwa ina jiran hadarin farko, in gwada ginin nan da gajimare a bayansa. Wanda ke Birnin Kebbi ko Gwandu ya gwada dabarar ja da baya a kan masallacin unguwarsu, mu kwatanta abin da kowa ya samo.