Godiya ga duk wanda ya sa hannu har na samu wurin koyon aiki

Assalamu alaikum warahmatullah. Yau kwana goma ke nan da na fara zaman sanin makamar aiki a sashen hulɗa da jama'a na wata ma'aikatar gwamnati a nan Zariya. Tun ranar farko na so in rubuta wannan godiya, Umma ta ce in dakata sai ƙafata ta zauna. To alhamdu lillahi, ta zauna. An ba ni kujera, an ba ni katin shaida, malaminmu mai duba mu ma ya san inda zai same ni.

Waɗanda ke kusa da ni sun san ba da sauƙi aka kai ga haka ba. Mako bakwai na yi ina yawo da takardar da aka ba mu a makaranta. Daga Samaru in sauka Kwangila, in shiga PZ, in zaga Sabon Gari, in ƙarasa Tudun Wada da Ƙofar Doka. Sau biyu na je Kaduna. Nan a ce oga ba ya nan, can a ce an cika, wani wurin a karɓi takardar a ce za a kira ni. Har ambulan ɗin ya yi laushi saboda zufa. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Tun 1973 hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ɓullo da wannan shiri na sanin makamar aiki, wato SIWES, domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya kammala, yau kuwa 'yan jami'ar ABU da 'yan kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli da na sauran makarantu duk ofisoshin nan muke bi, kujeru kuma ba su ƙaru kamar yadda muka ƙaru ba.

Bayan Allah, godiyata ta fari ga iyayena take. Baba bai taɓa tambayata ina kuɗin motar jiya ba, kullum da safe sai dai ya miƙo ya ce Allah ya sa a dace. Umma, na san kuɗin adashinki ne suka kai ni Kaduna karo na biyu, ko da ba ki faɗa mini ba. Allah ya ba ni ikon rama miki. Yayana ya bar shagonsa ba sau ɗaya ba ya goya ni a babur cikin ruwan sama. 'Yan ajinmu da ke turo labarin duk inda aka ji ƙishin-ƙishin akwai gurbi, na gode muku.

Akwai wani dattijo da nake so kowa ya taya ni yi masa addu'a, shi ne masinjan ofishin da nake yanzu. Zuwana na uku ya same ni tsaye a bakin ƙofa, ya jawo benci ya ce, "Zauna, ɗana. Hajiya tana fitowa da azahar, in ta idar da salla ka gaishe ta, kada ka bar takarda a hannun kowa." Ba danginmu ɗaya ba, bai san gidanmu ba. Ruwa ma shi ya ba ni.

Da Hajiya, shugabar sashen, ta fito, na durƙusa na ce ranki ya daɗe, na miƙa takardata. Ba ta duba ba. Sai ta ɗauko wata sanarwa ta shafi ɗaya da aka rubuta da Turanci, ta ce in mayar da ita Hausa yadda tsohuwa a kasuwar Giwa za ta ji a rediyo ta gane. Na zauna na zuba duk manyan kalmomin da na sani. Da na kawo, sai ta ce in karanta wa Baba masinja. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, yaushe ne, kuma a ina za a je?" Ashe rana da wurin taron suna can ƙasan takarda, bayan jerin sunayen manyan baƙi da muƙamansu. Hajiya ta ce in ɗauko su in kai sama, in rage sunayen, in sake karanta masa. A karo na biyu ya gyaɗa kai. Nan take ta sa hannu a takardata. Ranki ya daɗe, kin ɗauke ni ba tare da wani ya bugo miki waya a kaina ba, wannan alherin yana nan a zuciyata.

A kwana goman nan na ga abin da a aji sunansa kawai muke ji. Ƙarfe takwas nake bin jaridu, na takarda da na intanet, ina ware duk labarin da ya shafi ma'aikatar. Ina sauraron shirye-shiryen rediyo da jama'a ke bugo waya, in rubuta koke-kokensu yadda suka faɗa, ba kwaskwarima. An nuna mini yadda ake tsara sanarwar manema labarai, da yadda ake amsa mai fushi a shafin Facebook ba tare da an yi masa alkawarin da ba za a cika ba. Ranar Laraba wasiƙa ta zo tana neman wasu bayanai, Hajiya ta sa na rubuta ranar shigowarta a sama, domin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kwana 7 ta bayar a amsa. Ta kuma ce da zarar na kammala karatu in nemi rajista da NIPR, cibiyar masu wannan sana'a da aka kafa tun 1963, wadda doka ta ba ikon tantance su a 1990.

Da na ba Babana labarin fassarar nan, ya yi shiru, sannan ya ce aikin da na shiga ba baƙo ba ne a Zazzau. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma ya tashi ya ga mahaifinsa yana karanta wa maƙwabta ita a zaure, mutane sun kewaye shi suna tambaya. Ya ce in zan rubuta sanarwa in riƙa tuna mutanen zauren nan. Tun ranar, duk wucewata ta Tukur-Tukur sai na waiwayi ginin Gaskiya.

Malamanmu na sashen koyon aikin jarida, musamman wanda ya ƙara mini mako biyu da wa'adin miƙa takardar karɓa ya ƙure, Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci zuri'arku. 'Yan ajinmu huɗu har yanzu ba su samu wuri ba. Duk wanda ya san ofishin da ke da gurbi a Zariya ko Kaduna, don Allah ya taimaka ya sanar da ni, ni zan kai su da ƙafata.