Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Abin da Bai Shiga Tiya Ba

A makon jiya na tsaya a inda na bar makarantar koyon kwamfuta na koma zaman benci a shagon maigidana a titin Beirut. Na so in wuce kai tsaye zuwa labarin aurena, amma maganar wayar Alhaji ta tare hanya. Shekara kusan 20 ke nan tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma har yau a gidanmu akwai wanda yake ba da labarin a karkace.

Baffa, mahaifinmu, ɗan hatsi ne. A Dawanau ya ƙare ƙarfinsa, tsakanin buhunan gero da dawa da wake, kuma duk abin da zai auna a duniya da tiya yake auna shi, har da mutane. Idan ya ce wane tiyarsa cikakkiya ce, to ya gama yabonsa. Bai taɓa son sana'ata ba. Da a ce waya nake sayarwa, ko batiri, ko caja, da ya gane, domin abu ne da ake riƙewa a hannu a juya. Ni kuwa abin da na fi iyawa shi ne saiti. Mutum ya kawo waya, in danna nan in danna can, in mayar masa da ita yadda ya kawo ta, ba a ƙara mata komai ba, ba a cire komai ba, ya ba ni naira 200 ko 300. Baffa ya kan ce wa Inna, "Yaron nan iska yake sayarwa."

A 2006 ne. A lokacin waya ta riga ta shiga hannun kowa. Layin da aka yi ta saye sama da naira 20,000 a 2001, sa'ad da MTN da Econet suka fara, ya zama abin da ɗan acaɓa ma yake da shi, musamman tun da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Amma intanet a waya sabon abu ne fil. Mai son duba imel kafe yake zuwa, ya sayi awa ɗaya, rabinta ta tafi a jiran shafi ya buɗe. Kamfanonin layi sun fara abin da ake kira GPRS, wato layin da kake kira da shi shi ne zai ɗauko maka intanet, sai dai wayar ba ta san hanya da kanta ba. Sai an rubuta mata sunan ƙofar da za ta bi, da wasu lambobi, harafi ɗaya ya kuskure shi ke nan. Ina da wani ɗan littafi mai bangon shuɗi da na rubuta saitin kowane layi a ciki, ba na bari kowa ya leƙa. Idan ƙaramin G ya fito a saman fuskar waya, sai ka ga mai ita ya washe baki kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Wata ranar Talata da hantsi Alhaji ya zo. Ɗan Kantin Kwari ne, abokin Baffa tun suna makarantar allo, ba zan ƙara komai a kan haka ba. Ya zaro wani abu daga aljihun 'yar ciki, a naɗe cikin hankici, ya ajiye a kan tebur. Daga Dubai ya taho da ita. i-mate JasJar ce, ƙirar kamfanin HTC na Taiwan, mai Windows a ciki. Ban taɓa riƙe irinta ba. Nauyinta ya fi rubu'in kilo. Ana buɗe ta kamar ƙaramin akwati, madannai cikakku a ƙasa irin na kwamfuta, fuskar kuma tana juyawa ta kwanta a kan madannan, sai ka zaro wani siririn tsinke daga gefenta ka riƙa taɓa gilashin da shi. Yaran layinmu gaba ɗaya suka taru a kaina. Maigidana ya kore su, shi ma ya ja kujera.

Alhaji ya ce, "Ɗana, an ce kai ne gwanin abin nan. Mutanena na Dubai da Sin suna turo mini hoton atamfa da leshi, kullum sai na aiki yaro kafe, kafin ya dawo rabin Kwari sun ga zanen. So nake ya riƙa faɗo mini a aljihu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Awa uku na yi a kanta. Na sa saitin layin, na haɗa imel ɗinsa, na gwada, saƙo ya shigo, hoton wata atamfa mai ruwan ganye ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa har ya cika fuskar. Alhaji ya yi kabbara a tsakiyar shago. Ya ba ni 2,000, kuɗin da ban taɓa samu a aiki ɗaya ba.

Ga inda na yi kuskure, kuma ban taɓa musun sa ba. Don in burge shi, na saita wayar ta riƙa leƙa akwatin imel da kanta duk bayan minti biyar, na kuma ce mata ta sauko da saƙo gaba ɗayansa har da hotunan da ke maƙale. A wancan zamanin kuwa, wanda bai sayi wani tsari na musamman ba, daga kuɗin kiransa ake cira, kowane kilobayit da farashinsa. Hoto ɗaya mai kyau ya kan kai kilobayit 1,000 ko fiye. Mutanen Alhaji kuma goma-goma suke turowa, ga tsofaffin saƙonni na watanni jibge a akwatin, wayar ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kwasowa dare da rana, Alhaji yana barci tana aiki. Na san saiti, amma ban san lissafi ba. Babu wanda ya koya mini, kuma a layinmu kaf babu wanda ya sani a lokacin.

Katin 1,500 guda huɗu ya loda a ranar, saboda kiran ƙasar waje. Ranar Alhamis da safe ya ɗaga waya zai kira Dubai, aka ce ba shi da ko sisi.

Bai zo shago ba. Gida ya tafi, bayan magariba, lokacin da ya san Baffa yana zaure. Aka aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa na gaishe su, na tarar Yaya yana zaune a gefe, ya riga ni. Alhaji, Allah ya ji ƙansa, bai ce na yi sata ba. Cewa ya yi kawai kuɗi sun ɓace tun da wayar ta fito daga hannuna, yana son ya ji yadda aka yi. Yaya ne ya buɗe baki. Ya ce ai sananne ne, yaran Beirut suna da lambar da suke sa wa a wayar mutum, kuɗinsa ya riƙa zubowa cikin tasu. Ya ce shi ya daɗe yana mamakin inda nake samun kuɗin sabon takalmi. A gaban baƙo ya faɗi haka, da murya a kwance, yana wasa da makullin babur ɗinsa.

Na yi ta bayani. Na ce hotuna ne, na ce kilobayit, na ce minti biyar. Ina magana ina jin yadda kalmomin suke faɗuwa ƙasa ba mai ɗauka. Da na ga haka sai na ce, "Baffa, a kawo Alƙur'ani in dafa."

Baffa bai ɗago kai ba. Ya ce, "Abin da bai shiga tiya ba, ba a rantsuwa a kansa."

Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da 6,000, ya ƙirga a hannun Alhaji. Alhaji ya ƙi, Baffa ya ce sai ya karɓa. Ni dai ina durƙushe har ƙafata ta mutu.

Na shekara ina juya wannan magana. Wani lokaci in ce kare ni ya yi, bai so in dafa Littafi a kan abin da ni kaina ban gama sani ba. Wani lokaci in ce a'a, ya yarda da Yaya ne, yana tsoron in yi rantsuwar ƙarya. Inna ta ce na farkon ne. Amma Inna uwa ce.

Abin da ya sa na tuno duk wannan a makon nan, ina share durowa ne na ci karo da wata tsohuwar BlackBerry Curve, madannanta sun goge. Waɗanda ba su ga zamanin BlackBerry ba, ba za su gane yadda ta sauya mana kasuwa ba. Abin da ya kashe ni a wayar Alhaji, shi ta zo ta gyara. Ka biya kuɗin wata guda, kusan 5,000 da farko kafin ya yi ta saukowa, shi ke nan, imel ya riƙa faɗowa da kansa, kuɗin kiranka yana nan ba a taɓa ba. Saƙon ma ta na'urorin kamfanin RIM na Kanada yake bi, su matse shi ya ƙanƙance kafin ya iso. Muna da wata alama da muke dubawa: idan rubutun EDGE ya fito a saman fuskar waya da manyan baƙaƙe, sabis ɗin BlackBerry ya hau, idan da ƙanana ne, to layi ne kawai, sai a sake nema. Mutane nawa na ciro wa batiri na mayar muna jiran ƙananan baƙaƙe su girma! 'Yan Kwari da 'yan Singa duk suka koma BBM, manhajar hira ta BlackBerry, ana musayar fin, wato lambar shaidar kowace waya, mai lamba da harafi takwas kamar yadda ake musayar lambar waya, hoton kaya ya tashi daga Guangzhou ya sauka a Kano kafin a gama shan shayi. A cikin Oktoban 2011 da sabis ɗin ya ɗauke na kusan kwana uku, daga Turai har Afirka, shagona a Farm Centre ya cika maƙil, kowa yana cewa in duba masa saiti. Na ce musu ba daga wayarku ba ne, ba daga layinku ba ne, daga can ne. Suka yarda. A ranar na tuna zauren Baffa, domin magana iri ɗaya ce, abu ne da ba a gani, amma yanzu ana yarda da ni. Baffa kuwa ya shekara guda a kabari a lokacin.

Na yi gaba da yawa. In koma baya.

Watanni bayan abin Alhaji, wani ya kawo Nokia N70 gyara. Ina lalube a cikin rajistar kiranta sai na ga wani wuri da ban taɓa kula da shi ba: ma'aunin data. Layi biyu ne, abin da ya fita da abin da ya shigo, da lambobi a gabansu. Na mayar da shi sifili, na buɗe shafi ɗaya, na dawo, lambar ta motsa. Na sauko da hoto, ta yi tsalle. Na duba kuɗin kati kafin da bayan, na ɗauki biro na yi lissafi a bayan kwalin batiri. Hannuna har rawa yake. Na roƙi mai wayar ya bar mini ita zuwa gobe.

Da asuba bayan an dawo masallaci na sami Baffa shi kaɗai yana lazimi. Na jira ya shafa. Na matsa kusa na ce, "Baffa, ga tiyar." Na nuna masa sifili, na sauko da hoto a gabansa, na nuna masa lambar, na nuna masa abin da ya ragu a kati. Ya sa tabarau. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, ya sa na maimaita har sau uku. Ban taɓa ganin ya ba sana'ata lokaci haka ba.

Sai ya ce, "To na gani. Amma wa yake riƙe da tiyar, kai ko su?"

Na ce wayar ce take ƙirgawa, su ma suna ƙirga nasu a can.

Ya ce, "In an sami saɓani, na wa ake ɗauka?"

Na yi shiru, domin na san amsar. Ya miƙo mini wayar ya ce a Dawanau mai saye yana tsaye ake awo, idonsa a kan tiya, in bai yarda ba ya karɓa ya auna da hannunsa. Daga nan ya ɗauki carbinsa. Bai ce na wanku ba, bai ce ban wanku ba. Amma da zan fita ya ce in ce wa Inna ta zuba mini koko kafin in tafi kasuwa, kuma kasuwa ya ce, bai ce wajen iskar nan ba. Na riƙe wannan kalma ɗaya har yau.

Kuɗinsa 6,000 na mayar masa a hankali, ina sa wa a ƙarƙashin buzunsa, 500 yau, 1,000 wani makon. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma haka. Alhaji kuwa ya dawo da JasJar ɗin da kansa, na kashe mata leƙen minti biyar, na saita ta nuna kan saƙo kawai sai in shi ya ce ta sauko da hoto. Ya yi shekara biyu yana amfani da ita har maƙogwaron fuskar ya karye. Shi ya kawo mini rabin kwastomomina na Kwari.

Saura Yaya. Ranar sadakar bakwai ta Baffa na ji shi da kunnena yana gaya wa wani ɗan uwanmu na Gezawa cewa marigayi ya sha biyan bashin ɓarnar da na yi. Sha ya ce, kamar sau goma aka yi. Ina riƙe da farantin waina, na wuce kamar ban ji ba, saboda ranar ba ranar magana ba ce. Sau ɗaya ne, Yaya. Sau ɗaya, kuma na biya, kuma ba sata ba ce. Ka ce yaran Beirut suna da lambar janye kuɗi. Shekara 20 ina cikin sana'ar nan, ka nuna mini lambar.

Yanzu yana da babbar waya, 'ya'yansa suka saya masa, kullum yana cikin sauraron wa'azi da kallon bidiyo. Duk ƙarshen wata sai saƙonsa ya shigo: "Ƙanina, data ta ƙare, ban san abin da yake cinye ta ba." Ranar Juma'ar da ta wuce ma ya turo. Da muka haɗu a gidan Inna na karɓi wayar, na buɗe masa ma'aunin, na nuna masa manhajar da ta fi ci, na kashe mata saukar da bidiyo da kanta. Ya ce Allah ya yi albarka. Na tsaya kaɗan ko zai ƙara wani abu, sai ya juya yana tambayar Inna ko an sauke tuwo.