Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Rabin Makin da Na Goge

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya damƙa mini littafinsa na sakamakon tseren motoci, wanda ya shafe shekaru yana cikawa da hannunsa daga tsofaffin mujallu da labarin wasanni na rediyo, ya kuma ɗora mini aikin kwafe shi a sabon littafi saboda takardun tsohon sun fara yagewa. Shekaruna goma sha huɗu a lokacin, kuma na ɗauki aikin da muhimmanci ƙwarai, domin a duk gidan babu wanda Kawu ya taɓa bari ya buɗe littafin nan sai ni.

Kwafi ya tafi lafiya har na iso shafin shekarar 1984 na gasar Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya. A nan na tarar Kawu ya rubuta Niki Lauda da maki 72, a ƙarƙashinsa kuma Alain Prost da maki 71 da rabi. Na san yadda ake raba maki a wancan zamani, tun da na sha kwafe shi: na ɗaya yana samun 9, na biyu 6, na uku 4, daga nan 3 da 2 da 1. Ko ta yaya mutum ya haɗa waɗannan lambobi, rabi ba zai fito ba. Sai na yanke hukunci cewa alƙalamin Kawu ne ya zame, na bar rabin a sabon littafi, na kuma koma tsohon na kankare shi da reza don kada littattafan biyu su saɓa wa juna.

Ba a yi kwana uku ba ya gano. Ya kira ni, ya ɗora yatsa a kan wurin da takardar ta yi laushi, ya ce, "Ɗana, ina abin da ke nan?" Na ce, "Kawu, kuskure na gani na gyara, ai babu rabin maki a tsere." Bai ɗaga murya ba. Ya ce in zauna, sannan ya ce abin da na kankare shi ne tazara mafi ƙanƙanta da aka taɓa lashe kambun duniya da ita a tarihin gasar, kuma tun da na iya goge shi, to wajibi ne in san inda ya fito.

Ya fito ne daga birnin Monako, ranar 3 ga Yuni, 1984. An yi tseren cikin ruwan sama mai ƙarfi a kan titunan gari masu ƙunci, inda shingen ƙarfe yake dab da taya. Prost, ɗan Faransa, yana gaba a motar McLaren. Abokin aikinsa Lauda, ɗan Ostiriya, motarsa ta zame ya fita bai samu komai ba. A baya kuwa wani matashi ɗan Barazil mai suna Ayrton Senna, wanda shekararsa ta farko ke nan a gasar, ya taso daga matsayi na 13 a motar Toleman da ba wanda yake sa ta a lissafi, yana wuce manyan direbobi ɗaya bayan ɗaya, yana cin tazarar da ke tsakaninsa da Prost a kowane zagaye. Prost ya riƙa ɗaga hannu yana nuna a tsayar, sai shugaban alƙalan tseren ya sa aka ɗaga jar tuta, alamar tsayar da tsere, aka ɗauki sakamakon zagaye na 31. Doka ta ce idan ba a cinye kashi uku cikin huɗu na nisan tsere ba, rabin maki ake bayarwa, saboda haka Prost ya tashi da 4 da rabi maimakon 9.

A nan Kawu ya miƙo mini fensir ya ce in yi lissafi da kaina. Da an bar tseren ya kai ƙarshe, Senna ya wuce, Prost ya zo na biyu, da ya samu maki 6, wato ya kammala shekara da 73, gaba da Lauda da maki ɗaya. Nasarar da ya nema a tsayar da tsere domin ta, ita ce ta rage masa abin da ya rasa a ƙarshe. Na daɗe ina kallon lambobin. Kawu ya gargaɗe ni kada in mai da wannan lissafi hujja, domin a irin wannan ruwa babu wanda ya san wace mota za ta kai ƙarshe, kuma Stefan Bellof ma yana tafe da gudu a bayan su biyun. Duk da haka, abin da ya tabbata shi ne Prost ya ci tsere bakwai a shekarar, Lauda biyar, kuma a tseren ƙarshe a Estoril ta ƙasar Fotugal Prost ya zo na ɗaya, amma Lauda ya taso daga matsayi na 11 ya zo na biyu bayan birkin motar Nigel Mansell da ke gabansa ya lalace, ya ɗauki kambunsa na uku da wannan rabin.

Na zaci magana ta ƙare, sai ya juya shafuka baya zuwa 1975 ya nuna mini wani rabin da idona ya tsallake. Yana gaban sunan Lella Lombardi, 'yar Italiya, kuma ita kaɗai ce mace da ta taɓa samun maki a tseren gasar duniya ta Formula 1. Ta zo ta shida a Montjuïc da ke Barsalona, inda tun kafin tsere direbobi suka yi ƙorafi a kan yadda aka ɗaura shingayen hanya. A tsakiyar tsere fiffiken bayan motar Rolf Stommelen ya karye, motar ta tsallake shinge ta hallaka mutanen da ke tsaye a gefe, aka tsayar a zagaye na 29, kuma ba a sake kai gasar wannan fili ba. Har yau ina jin nauyin wannan shafi, domin bajintar matar gaskiya ce, ta kuma cancanci a ambace ta, amma dalilin da ya raba makinta biyu rayukan mutane ne.

Abu na ƙarshe da ya nuna mini a ranar shi ne sunan alƙalin da ya tsayar da tseren Monako, Jacky Ickx, ɗan Beljiyam, wanda ya ci tseren sa'a 24 na Le Mans sau shida. Sunan yana shafin 1970 a matsayi na biyu da maki 40. Wanda ke samansa da maki 45 shi ne Jochen Rindt, wanda ya rasu a filin tsere na Monza a Italiya ranar 5 ga Satumba na shekarar yana gwajin motarsa ta Lotus. Ickx ya ci biyu daga cikin tseren da suka rage, amma bai kamo shi ba, sai Rindt ya zama direba ɗaya tilo da aka naɗa zakaran duniya bayan mutuwarsa. Kawu ya ce mutumin da ya yi tsere a irin waɗannan shekaru, ya ga abokan karawarsa suna mutuwa, ba zai yi masa gaggawar hukunci ba don ya ɗaga jar tuta a cikin ruwa, ko da yake mutane da yawa sun zarge shi da fifita Prost. Ni ma a kan wannan ra'ayi na tsaya, bayan shekarun da na yi ina karanta bayanan ɓangarorin biyu.

Da hannuna na mayar da rabin a littattafan biyu, Kawu yana tsaye a kaina. A tsohon, tawada ta ɗan bazu saboda takardar ta yi siriri, kuma tabon yana nan har yanzu. Daga wannan rana ya ƙara mini aiki: duk lambar da ta yi mini baƙo, in bar layi biyu a ƙarƙashinta, kada in wuce sai na rubuta dalilinta. Wannan ya sa kwafin da aka yi tsammanin zai ɗauki hutu ɗaya ya ci mini fiye da shekara.

Sunan Senna kuwa, wanda na fara lura da shi a shafin Monako, ya ci gaba da bayyana a littafin har zuwa ranar 1 ga Mayu, 1994, a Imola ta Italiya, ranar da ya rasu a hatsarin tsere, kuma ranar da ni ne na riƙe alƙalami domin Kawu ya kasa rubutawa. Daga nan za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.