Yau na hau su biyun

Asabar, da dare.

Har yanzu hannuna na dama yana ɗan rawa. Ban sani ba ko gajiya ce, ko kuwa tsoron ɗazu ne bai gama sakina ba. Bari in rubuta tun abin yana da ɗumi, don na san halina, zuwa gobe zan fara gyara labarin yadda zai yi mini daɗi.

Wata uku ke nan ina jan magana ɗaya: MT-07 ko MT-09. Duk na Yamaha ne, duk kuma irin baburan nan ne da ake wa laƙabi da tsirara, wato babu rigar robar da ta rufe injin, babu gilashin tare iska, kana zaune a miƙe ka riƙe kai mai faɗi, iska na dukan ƙirjinka. Shekara uku ina kan ƙaramin babur mai cc 250. Ya yi mini bauta, ba zan ci amanarsa ba, amma duk sanda na zo wuce doguwar mota a babban titi sai in ji kamar roƙonsa nake yi. To yau dai na samu na hau su biyun, rana ɗaya, hanya ɗaya. MT-09 ɗin na Yaya ne, ƙirar 2021, yana son rabuwa da shi. MT-07 ɗin na abokin aikinsa ne, shi ma 2021, shi ma na sayarwa.

Na je da lambobi cike da kai, kamar mai shiga jarrabawa. Ƙaramin, wato MT-07, cc 689 ne, silinda biyu, ƙarfin doki saba'in da 'yan kai. Babban, MT-09, cc 890, silinda uku, dokinsa ya doshi 120. Abin da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne nauyi: ƙaramin kilo 184 da mai a ciki, babban 189. Kilo biyar kacal a tsakani, saboda gangar jikin babban ta alminiyam ce, ta ƙaramin kuwa ƙarfe. Tankinsu duk lita 14. Tayoyinsu ma awo ɗaya. Shi ya sa kullum zuciyata ke raya mini, tunda nauyi ɗaya ne, me zai sa ka ɗauki na ƙasa?

Da ƙaramin na fara. Ina ɗora ƙafa na ji ƙafafuna biyu sun taɓa ƙasa sosai, tsayin kujerar milimita 805 ne, kuma tsakiyarsa siririya ce. Na tayar, sai ga wani bugu marar daidaito, dum-dum, tsit, dum-dum. Hannun da ke juya fistin ɗin an karkatar da shi digiri 270, shi ya sa silindojin biyu ba sa tashi a tazara ɗaya, kuma shi ne ke ba shi wannan murya mai kauri. Na saki kuloci, ya tafi ba gardama. Abin da ya fara burge ni shi ne ba sai ka kai shi ƙarshen kuka zai ja ba. A giya ta huɗu, ana tafiya a hankali, ka murɗa totur kaɗan sai ya tura ka gaba kamar wanda aka dafa wa baya.

Akwai wani wuri a hanyar da muka bi mai kwana biyar a jere, sannan miƙaƙƙen titi. A kwana ta uku na tsinci kaina ina dariya cikin hular kwano, ni kaɗai kamar zautacce. Ina fita daga ta ƙarshe na buɗe totur har ya tsaya, ban rage komai ba, kuma ban ji gabana ya faɗi ba. Sau uku na maimaita wurin.

Yana da aibi, ba zan ɓoye ba. Shokozoban gaba laushi gare su, ba a kuma iya daidaita su. Da na damƙe birki da ƙarfi sai gaban ya durƙusa, ya ɗago yana lilo. Ban da birkin ABS, mai hana taya kullewa in an damƙe birki, kuma ba shi da wata na'urar da za ta cece ka, totur ɗinsa ma da waya yake aiki irin na da. Sabon da aka fitar a 2025 an sa masa na'urar hana taya sulɓewa, amma wanda ke gabana ba shi da ita.

Sai na koma kan na Yaya.

Santimita biyu kawai kujerarsa ta fi tsayi, amma dugadugaina sun bar ƙasa. Yaya ya tsaya a gefe yana danna maɓallan saita zafin totur a allon, ya ce, "Na sa maka a mataki na biyu. Na ɗaya ba na baƙo ba ne." Ya ƙara da cewa na farko-farkon, masu cc 847, sun yi suna wajen fizgar mutum da zarar ya taɓa totur, amma wannan an gyara shi. Na ce to.

Gaskiya babur ne. Kukan silinda uku daban yake, yana farawa da gurnani ya ƙare da wani siririn fito da ke shiga har ƙashi. Giya kuwa ba ka buƙatar kuloci, ka ɗaga da ɗan yatsan ƙafa kawai ta shige, ƙas. Birkinsa ya fi kamawa, gabansa ba ya durƙusawa, a kwana yana zama daram kamar an zana masa layi. Ta kowace fuska da za a auna da ma'auni ya fi ƙaramin, kuma duk wanda ya ce ba haka ba son zuciya ne.

Amma na lura da wani abu tun kafin mu kai kwanonin nan. Idona ba ya kan hanya kamar ɗazu, rabinsa yana kan hannuna. Ina lallaɓa totur kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Kwana biyar ɗin da na yi wa dariya, yanzu na shige su ina lissafi, kuma na tabbata a hankali na bi su fiye da yadda na bi da ƙaramin.

A miƙaƙƙen titin abin ya faru. Ina giya ta biyu, na ce bari dai in ɗanɗana abin da ake ta zuzutawa. Na buɗe wajen rabi. Daidai nan tayar gaba ta taka wani ɗan tudu inda aka yi wa kwalta faci, jikina ya koma baya, hannuna ya ƙara murɗawa ba da izinina ba. Sai kawai na ji kan babur ya yi sakayau a hannuna, titin ya ɓace daga gabana. Fitila ta yi walƙiya a allo, injin ya rage da kansa, tayar ta dawo ƙasa, dif. Duka-duka bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Na gangara gefe na kashe, na zauna ina jin bugun zuciyata a cikin kunne.

Yaya ya iso a kan ƙaramin, ya ɗaga gilashin hularsa, ya dube ni ya fashe da dariya.

"Ya gaishe ka ke nan, ƙanena."

"Yaya, wannan ai ba gaisuwa ba ce, kashedi ne."

Nan muka zauna a bakin hanya ya shiga yi mini huɗuba, kuma ban raina hujjarsa ba. Ya ce abin da ya dawo da tayar ƙasa wata 'yar na'ura ce da ke auna motsin babur ta fuska shida, ta san ya karkata, ta san ya ɗaga, ta san tayar baya na neman zamewa, sai ta rage wuta kafin kai ka ankara. Ya ce, "Ƙaramin da kake yabo shi ma yana ɗaga gaba in ka matsa masa a giya ta ɗaya, kuma ranar da ya ɗaga babu mai riƙe maka shi. Sannan wata shida za ka yi ka gaji da shi, ka dawo kana neman wannan, lokacin na sayar."

Na yi shiru, don maganar ta shige ni. Sai da muka kama hanyar dawowa, na karɓi ƙaramin, amsar ta zo mini. Na'urar ta cece ni, haka ne, amma daga ramin da babur ɗin da kansa ya haƙa mini. Wancan facin na taka shi sau uku da ƙaramin, totur a buɗe, ko gezau. Kuskuren hannuna ɗaya ne a kan su biyun, hukuncin ne ya bambanta. Maganar gajiya kuwa, ni da ban iya amfani da rabin na Yaya ba, ina ganin gara in gaji da babur bayan na gama koyon duk abin da zai koya mini. Mutumin da ya taso daga 250, ko ƙaramin ma ya ninka masa ƙarfin da ya saba da shi fiye da sau biyu.

Da yamma na kira bakanikena. Bai ja zance ba. Ya ce injin ƙaramin shi ne dai a cikin wasu baburan Yamaha, Ténéré 700 da R7, tun 2014 ake hawansa, ya san cikinsa kamar tafin hannunsa. Bawul takwas ne da fulogi biyu, babban kuwa goma sha biyu da uku, duk kuma sai wajen kilomita 40,000 ake duba bawul ɗin. Ya ƙara da cewa ko da yake tayoyinsu awo ɗaya ne, mai babban ya fi saurin zuwa canjin ta baya. Shokozoban gaba kuma ya ce a sa musu mai mai kauri, in bai isa ba a canja sifirin.

Duk da haka, kada in yi wa littafin nan ƙarya: tun da na dawo sau biyu ina kunna ɗan bidiyon da na ɗauka na kukan MT-09 ɗin. Fiton nan bai fita daga kunnena ba.

Ɗazu na tura wa mai ƙaramin saƙo cewa ranar Litinin zan zo da bakanike ya duba sarƙa da birki da takardu. Ya amsa da "Allah ya kai mu." Yaya ne ban gaya wa ba tukuna. Ya kira sau biyu, wayar na nan kusa da ni a kife.