Ruwan farko da gaggawar shuka a ƙasar Kaduna

Dattawan Giwa da Soba da Lere bakinsu ɗaya: a da manomi ya san makon da zai yi shuka, yanzu kuwa damina ta daina cika alkawari. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ana yawan ɗora laifin kan ƙarancin ruwa, alhali shekarun fari na 1973 da 1984 sun fi na yanzu bushewa. Abin da ke wahalar da manomi yau shi ne yadda ruwan ke sauka. Ya yi sallama a Afrilu da iska da tsawa, ya ɗauke kwana goma ko sati biyu, sannan ya dawo kamar da bakin ƙwarya.

Wani ɓangaren rikicin ma na lissafi ne. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shi ya sa azumin 2013 ya faɗo a Yuli, tsakiyar damina, na 2024 kuma a Maris, cikin zafin bazara. Mai auna damina da watan Sallah dole ya ga ta gusa.

To, yaya za a gane ruwan shuka? A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo. Bayan kowane ruwa a tsoma rula a rubuta. Santimita 2 a gwangwani shi ne milimita 20. Masana aikin gona suna ɗaukar damina ta kankama ne idan an tara aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da mako guda babu ruwa a watan da ya biyo baya ba. Sharaɗi na biyun ba wanda zai san shi tun kafin ya faru, nan ne hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara yake da amfani. Sannan a tona ƙasa da hannu. In danshi bai kai tsawon tafin hannu ba, a bar iri a buhu. Ƙwayar masara da ta sha ruwa ta fara tsiro, sannan ƙasa ta bushe, ta mutu ke nan. Sai sake sayen iri.

Jinkirin ma yana da iyaka, don haka a yi lissafi daga ƙarshe. A arewacin jihar ruwa kan ɗauke a farkon Oktoba, kudanci irin su Kafanchan yakan ɗan ƙara. Masara mai kwana 110 zuwa 120 tana son shiga ƙasa kafin tsakiyar Yuni. Wanda ya kai Yuli ya nemi mai kwana 80 zuwa 95. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar da irin waɗannan cikin jerin irin masara da ake kira SAMMAZ. Wajen shuka a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, kimanin kilo 20 na iri a hekta. Mai babbar gona ya raba shuka kashi biyu, tazarar kwana goma, kada fari ɗaya ya same ta duka tana goyo.

Taki shi ne inda aka fi tafka asara. Yuriya da aka watsa a busasshiyar ƙasa cikin rana, rabonta iska. Wadda aka zuba gab da mamako kuwa ta bi ruwa zuwa fadama. A binne ta a gefen shuka, ƙasa na da danshi, mako huɗu zuwa shida bayan shuka.

In kuma ruwa ya zarce ya tarar da kaka, kada a shanya masara a ƙasa tsirara, a shimfiɗa tamfol. Kafin a ɗura a buhu, a zuba ƙwaya kaɗan da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza. Gishirin ya manne a jikin kwalba, akwai sauran danshi, a mayar rana.