Godiya ga duk wanda ya taya mu murnar lambar Auta

Salamu alaikum jama'a. A madadin Hajiya da duk 'yan gidanmu nan Gusau, ina miƙa godiya ga 'yan uwa da abokan arziki da sunka cika mana gida ranar Asabar wajen walimar ƙanena Auta, wanda Babban Hafsan Sojin Ƙasa ya ba lambar yabo ta jarunta a bikin ranar sojoji na 6 ga Yuli. Wallahi ba mu zaci taron zai kai haka ba, mutanen Kaura Namoda da Tsafe da Bungudu sun zo, abokan karatunshi na NDA, makarantar horon hafsoshin soja ta Kaduna, har daga Zuru, kuma duk mun san yadda hanya take yanzu, mutum ya baro gidanshi ya hau titi don ya ce maka barka ba ƙaramin abu ba ne. Allah ya maida kowa gida lafiya.

Da yawa suna tambayata wai mi ya yi anka ba shi. Shi dai ba ya son maganar, abin da munka ji daga bakin sajen ɗinshi munka ji shi. Rakiyar motocin 'yan kasuwa sunka yi hanyar Dansadau, an wuce Magami kaɗan ɓarayin daji sunka yi musu kwanton ɓauna, harsashi ya same shi a cinya tun farko amma bai ja baya ba, ya tsaya da yaranshi sunka riƙe wurin har motocin mutane sunka juya, sannan ya ja kofur ɗinshi da anka harba ya kai shi bayan mota. Laftanar ne fa mai anini biyu, yaron da jiya-jiya Hajiya ke cewa ita ba ta yarda ya tafi Kaduna ba, ya shekara biyar yana horo tana kuka duk hutu.

Biyu cikin yaranshi ba su dawo ba. Wannan ne ya sa ko da anka ce ya tashi ya yi jawabi ya kasa, sai Kawu ya karɓa. Don Allah duk wanda ya yi mana barka ya haɗa da yi musu addu'a, ɗaya ya bar mata da goyo, kuma ba kowa zai je gidansu da kular shinkafa ba. Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri.

Godiya ta musamman ga likitoci da nas-nas da sunka yi jinyarshi, da direban da ya fito da su daga dajin a motar da tayarta ɗaya ta fashe, har yau ban san sunanshi ba. Malamanmu da sunka yi saukar Alƙur'ani, matan unguwa da sunka kwana bakin murhu, Inna da ta ba da rago, samarin layi masu kanofi da kujeru, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci.

Sai roƙo ɗaya. Masu ɗora hotonshi da kaki a Facebook da WhatsApp suna rubuta inda yake aiki, don girman Allah a sauke, yana komawa bakin aiki da ƙafar ta warke kuma kun san masu kai rahoto ba su ƙare ba. Masu kuloli da tabarmi kuma suna nan zaure, a aiko yara su ɗauka.